Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Kaya don Farautar Farko a Tsaunuka da Jaka a Baya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi damun mutumin da yake shirin shiga tsaunuka a ƙasa karon farko, ya kwana uku ko biyar ko bakwai yana farauta, ba shi da komai sai abin da ya goya a bayansa. Ra'ayin da ya ratsa dukan amsoshin shi ne cewa da hanyar dawowa ake auna kaya, wato lokacin da mafarauci ya gaji, abincinsa ya ja baya, kuma nama mai nauyi ya ƙaru a kan abin da ya shigo da shi.

Me ya bambanta wannan farauta da tafiyar hawan dutse da aka saba?

Mai hawan dutse don yawon buɗe ido yana bin hanyar da aka share, jakarsa kuma kullum raguwa take yi yayin da yake cin guzurinsa. Mafarauci kuwa yana barin hanya ya bi gangare da duwatsu masu zamewa, yana fita tun kafin asuba, ya daɗe a zaune wuri ɗaya cikin iska mai sanyi yana duba kwari, sannan idan ya yi sa'a jakarsa ta ninka nauyi a ranar ƙarshe. Babbar barewar da ake kira elk, wadda ake farauta a tsaunukan Roki na Amurka da Kanada, namijinta yakan kai kilo 300 ko fiye, kuma ko bayan an cire ƙashi, naman ya fi ƙarfin mutum ɗaya a sawu ɗaya. Saboda haka kayan da suka isa mai yawo ba lallai ne su isa mafarauci ba, musamman jaka da takalmi da rigar da ake sawa a zaune.

Nawa ya kamata nauyin kayana ya kai?

Ƙa'idar da masu tafiya da jaka suka saba bi ita ce kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikin mutum. Mai kilo 80 ke nan zai ɗauki kilo 16. Mafarauci yakan ɗan wuce haka saboda makami da madubin hangen nesa da kayan fiɗa, amma idan jakar shiga ta haura kilo 22 ko 23 a tafiyar kwana biyar, to akwai abin da ya kamata a ajiye.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a samu ƙaramin sikeli a auna kowane abu, a rubuta nauyinsa, domin ƙananan abubuwa ne suke taruwa su karya mutum: wuƙa ta biyu, riga ta uku, igiyar da ta fi buƙata tsawo, tukunya biyu inda ɗaya ta isa. A tuna kuma cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka sanin inda ƙorama take a taswira yana rage nauyi fiye da sayen cokali mara nauyi.

Wace irin jaka zan nema?

A nan ne nake ganin bai kamata a yi rowa ba. Jakar farauta tana bukatar firam mai ƙarfi, wato sandunan da suke riƙe jakar a tsaye a jikin baya, wanda zai sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu, da ɗamara mai faɗi wadda take zama daram a kan ƙashin kwatangwalo ba tare da ta zame ba. Idan jaka ta dace da mutum, yawancin nauyin yana kan ƙugu ne, kafaɗu kuwa aikinsu kawai su hana kayan faɗawa baya. Akwai wasu ƙananan maɗauri guda biyu da suke tashi daga saman kafaɗa zuwa kan firam. Idan firam ɗin ya gajarce har waɗannan maɗauri suka kwanta a miƙe maimakon su tashi sama, ba za su ɗage nauyin komai ba, kuma mutum zai gane hakan ne a ranar da ya ɗora nama.

Girman jaka da lita ake auna shi. Don kwana uku zuwa biyar, lita 60 zuwa 80 ta wadatar, wanda kuma zai yi mako guda ko fiye yana iya neman abin da ya haura haka. Yawancin jakunkunan farauta suna da sarari tsakanin firam da buhun kaya inda ake cusa nama, ta yadda abu mafi nauyi zai manne da baya maimakon ya rataya can nesa yana janye mutum. Wannan tsari yana da daraja ƙwarai.

Girman firam da tsawon gadon bayan mutum ake auna shi, daga ƙashin da ya fito a gindin wuya zuwa daidai saman kwatangwalo, don haka dogon mutum yana iya bukatar ƙaramin firam. Kafin a amince da jaka, a zuba mata yashi ko buhun hatsi mai kilo 25 zuwa 30, a hau gangare a sauko na tsawon awa guda. Jakar da take da daɗi a wofi ba ta faɗa wa mutum komai ba.

Takalmin da nake sawa a tafiya ta yau da kullum zai yi?

Da wuya. Ana bukatar takalmi mai wuya wanda ya rufe idon sawu, mai tafi da ba ya lanƙwashewa da sauƙi, domin yawancin tafiyar mafarauci a gicciye take a jikin gangare, inda gefen takalmi kaɗai yake riƙe da ƙasa. Ƙafa tana kumbura bayan doguwar tafiya, saboda haka a gwada takalmi da yamma, da irin safar da za a tafi da ita, kuma a tabbata yatsu ba sa taɓa gaba idan ana gangarowa, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa a ciki, domin wannan gogayya ce take haifar da bororo.

Sabon takalmi ba ya shiga daji. A sa shi makonni kafin tafiya, a yi ta tafiya da shi ɗauke da kaya har ƙafa da takalmi su saba da juna. Safar ulu guda biyu ko uku ta isa, ɗaya a ajiye ta bushe don barci kaɗai. A riƙe filasta kusa, a manna ta da zarar an ji wuri ya fara zafi, tun kafin fata ta tashi. Sandunan dogarawa guda biyu ma suna rage wa gwiwa wahala sosai a gangara da kaya mai nauyi.

Me ya sa ake hana sa tufafin auduga?

Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma ba ta bushewa da wuri. Mutum yakan hau tudu ya jiƙe sharkaf, ya zauna a saman dutse inda iska take kaɗawa, sai rigar da ta jiƙe ta riƙa zuƙe zafin jikinsa. Idan zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, an shiga haɗari, kuma alamunsa na farko su ne karkarwa da rashin iya sarrafa yatsu da rikicewar tunani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan yana iya faruwa ko da sanyin bai kai na daskarewar ruwa ba, matuƙar an haɗa jiƙewa da iska da gajiya. Zafin iska kuma yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau, don haka yanayin da aka bari a gindin tsauni ba shi ne za a tarar a sama ba.

Tsarin da ya dace shi ne a sa tufafi hawa-hawa. Na jikin fata ya zama na ulu mai laushi ko na zaren roba mai saurin bushewa. A kansa a ɗora riga mai ɗan kauri wadda iska take ratsawa yayin tafiya. Sai babbar rigar ɗumi da ake fitarwa daga jaka da zarar an zauna, sannan riga da wando masu hana ruwa shiga. Hular sanyi da safar hannu ba su da nauyi, amma suna cikin abubuwan da suka fi amfani. A fara tafiya da safe ana ɗan jin sanyi, domin wanda ya fito a dunƙule cikin riguna zai jiƙe da gumi kafin minti 20.

Game da launin ɓad-da-kama, a ganina an ba shi muhimmancin da ya wuce kima. Dabbobin dangin barewa sun fi dogara da hanci da kunne da ganin motsi, saboda haka kula da inda iska take kaɗawa da zaɓen yadin da ba ya ƙara idan ya gogi reshe sun fi zanen da ke jikin riga tasiri.

Yaya zan zaɓi jakar barci da shimfiɗa da tanti?

Jakunkunan barci da aka gwada bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 23537 suna ɗauke da lambobi uku: na jin daɗi, da na iyaka, da na matsananci. Lambar ƙarshe tana nufin mutum zai iya tsira da ransa ne kawai, don haka kada a yi lissafi da ita. A duba lambar jin daɗi, a zaɓi wadda ta yi ƙasa da sanyin da ake tsammani da digiri biyar ko makamancin haka, domin wanda ya gaji kuma bai ƙoshi ba ya fi jin sanyi. Jakar barcin da aka cika da laushin gashin agwagwa ko dinya ta fi rashin nauyi kuma ta fi matsuwa a jaka, sai dai idan ta jiƙe ɗuminta ya tafi. Ta zaren roba ta fi nauyi, amma tana jure danshi. Kowace aka zaɓa, a sa ta cikin leda ko buhun da ruwa ba ya shiga.

Shimfiɗa ita ce abin da sababbi suka fi rainawa. Nauyin jiki yana danne abin da ke cikin jakar barci ta ƙasa har ya daina riƙe ɗumi, sai ƙasa mai sanyi ta riƙa janye zafin jiki dare guda. Ana auna ƙarfin shimfiɗa da lambar R, kuma ga daren da ruwa yake daskarewa ana son lambar ta kai 4 ko fiye. Idan mai hurawa ce, a tafi da abin faci.

Tanti kuwa ƙarami na mutum ɗaya ko biyu ya isa, matuƙar yana jure iska. A kafa shi sau da yawa kafin tafiya, har da cikin duhu, domin ranar farko galibi dare ne yake riskar mutum.

Ruwa da abinci fa?

Ruwan ƙorama ko da ya yi garai-garai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar jiyardiya, mai sa gudawa. Matacin ruwa na tafiya mai ramuka masu girman maikiron 0.1 zuwa 0.2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana tace irin waɗannan, amma ba ya tace ƙwayoyin bairos, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya daskare yana iya tsagewa a ciki ba tare da an gani ba. Dalilin da ya sa ake kwana da shi a cikin jakar barci ke nan. A riƙe ƙwayoyin tsarkake ruwa a matsayin na ko-ta-kwana. Idan tafasawa za a yi, minti ɗaya ya isa, amma sama da mita 2,000 a bar shi ya yi minti uku, domin a tsayi ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. A mita 3,000 kusan digiri 90 ne.

Abinci ya zama busasshe mai yawan mai da kuzari, kimanin giram 700 zuwa 900 a rana, kuma a raba na kowace rana a ledarsa don kada a cinye na gobe yau. A tsayi sha'awar abinci tana raguwa, don haka a ɗauki abin da aka san ana iya ci ko da ba a jin yunwa. Ƙaramin risho mai gwangwanin gas shi ne mafi sauƙi, sai dai gas ɗin butan zalla yana daina tashi da kyau idan sanyi ya kai kusan digiri sifili, saboda haka a nemi wanda aka gauraya da aisobutan da furofen. Kada a kunna risho a cikin tanti a rufe, domin iskar da take fita daga gare shi tana kisa ba tare da wari ba.

Tsakanin sabuwar bindiga da madubin hangen nesa mai kyau, wanne zan fara saya?

Madubin hangen nesa. Bindigar da mutum ya saba da ita, wadda doka ta amince da ƙarfinta ga dabbar da ake nema, ta fi sabuwa mara nauyi da bai san halinta ba. Hasali ma bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa kuma ta fi wuyar riƙewa a tsaye idan mutum yana haki. Harbi na daƙiƙa kaɗan ne, dubawa kuwa ita ce aikin yini guda.

Lambobin da ake rubutawa a jikin madubi, kamar 10x42, na farko yana nuna sau nawa yake kusanto da abu, na biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Mai 10x42 ko 8x42 ya dace da yawancin wurare. Ingancin gilashi yana bayyana ne da asuba da almuru, lokacin da dabbobi suke fitowa kiwo kuma haske ya yi ƙaranci. Ɗora madubin a kan matokari mai ƙafa uku yana sauya abin da ido yake gani ƙwarai, domin idan hoto ya daina rawa sai a fara lura da kaɗawar kunne ko kan ƙaho a cikin ciyayi.

Na'urar auna nisa wadda take lissafa karkatar gangare tana da amfani, saboda a harbin sama ko na ƙasa mai tsananin karkata, harsashi ko kibiya yakan sauka sama da inda aka saba. A yi atisaye daga zaune da durƙushe, da jingina makami a kan jaka, kuma a san iyakar nisan da ake iya samun abin hari kowane lokaci, a tsaya a kanta.

Me zan bukata bayan dabba ta faɗi?

Wuƙa mai kaifi da abin wasa ta, ko irin wadda ake sauya wa reza, da buhunan nama na yadi, da igiya siririya mai ƙarfi, da safar hannu ta roba, da fitilar goshi mai cikakken batir, domin fiɗa da yawa cikin dare ake gama ta. Babban abokin gaba a wannan lokaci shi ne zafi. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a nama idan zafinsa ya wuce digiri 4, kuma fata da manyan ƙasusuwa suna riƙe ɗumin jikin dabba na tsawon sa'o'i ko da a wuri mai sanyi. Saboda haka a feɗe da wuri, a raba gaɓoɓi, a sa su a buhunan yadi masu barin iska ta ratsa tare da hana ƙuda, a rataye a inuwa inda iska take wucewa. Nama mai ɗumi idan aka ƙulle shi a leda zai yi gumi ya lalace.

Tun kafin a harba ya kamata a yi lissafin nisan da ke tsakanin wurin da mota, da yawan sawun da za a yi, da zafin rana. Idan lissafin ya nuna naman zai ruɓe kafin a fitar da shi, to bai dace a yi harbin ba. Wannan ne ma ya sa nake ba mai farawa shawara kada ya wuce kilomita biyar ko shida daga hanyar mota a tafiyarsa ta farko.

Idan na ɓata ko na ji rauni inda babu sabis ɗin waya fa?

A sauke taswirar yankin a waya tun daga gida, a tafi da batirin ajiya, a kuma riƙe taswirar takarda da kamfas tare da sanin yadda ake amfani da su, domin sanyi yana cinye batir da sauri. Akwai na'urorin neman agaji iri biyu. Ɗaya tana aika siginar gaggawa a kan zangon megahaz 406 zuwa tsarin taurarin ɗan Adam na Cospas-Sarsat, ba ta bukatar biyan kuɗin wata, amma sai an yi mata rajista. Ɗayar, irin su Garmin inReach da ke amfani da taurarin Iridium, tana ba da damar aika saƙo da karɓar amsa. Ga wanda zai tafi shi kaɗai, ɗaya daga cikinsu wajibi ce a wurina.

Kayan agajin farko su ƙunshi bandeji mai matsewa da maɗaurin tsayar da jini, tunda yankan wuƙa a lokacin fiɗa yana cikin raunukan da aka fi samu, kuma a koyi amfani da su tukuna. Abin kunna wuta iri biyu, da usur, da fitila ta biyu su kasance tare da mutum ko da ya bar sauran kaya a sansani. A bar wa wani amintacce bayanin inda za a shiga da ranar fitowa da lokacin da zai kira masu ceto. A yankunan da beyar take, wato babbar dabbar daji mai gashi da take iya far wa mutum, a ɗauki feshin korar ta a inda hannu zai kai nan take, a kuma ajiye abinci da nama nesa da wurin kwana.

Tsayin wurin zai shafe ni?

Yana iya shafar kowa, har mai ƙarfin jiki. Ciwon tsayi yakan fara bayyana daga kimanin mita 2,500, da ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci. Babu wani kaya da yake maganinsa. Abin da yake taimakawa shi ne a iso da kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, a kwana a matsakaicin tsayi. Idan alamun suka ƙaru, ko aka fara tangaɗi ko ƙarancin numfashi a zaune, a sauko nan take.

Akwai kayan da doka take tilastawa?

Akwai, kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha. Lasisi da takardar izinin dabbar da ake nema su ne na farko. A jihar Kolorado ta Amurka, alal misali, mai farautar barewa ko elk da bindiga dole ne ya sa tufa mai launin ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli wanda faɗinsa ya kai murabba'in inci 500 daga ƙugu zuwa sama, har da hula, kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kammala darasin farauta kafin ya sayi lasisi. A Alaska kuma barin naman da ake iya ci a daji babban laifi ne. A karanta littafin dokokin farauta na shekarar da ake ciki, domin ranaku da iyakokin yankuna suna sauyawa.

Idan kuɗina ba su isa komai ba, ina zan fara?

A fara da takalmi, sai jaka, sai kayan barci, sannan madubin hangen nesa. Tanti da risho da sandunan dogarawa ana iya aro ko a sayi na hannu, tufafi kuma duk wani na ulu ko zaren roba mai launin da ba ya ƙyalli zai yi aiki a shekarar farko. Bayan an haɗa komai, a je wani wuri kusa a kwana ɗaya da cikakkiyar jaka, a dafa abinci a rishon, a tace ruwa da matacin, a kwanta a shimfiɗar. Da safe a ware abin da ba a taɓa ba, ban da kayan ruwan sama da na agaji da na fiɗa, a cire shi daga jerin kayan tafiya.